Kusan wata huɗu ana fama da "sanyi": yadda ta kasance da wani ɗan kabu-kabu a Sakkwato

Ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibitin unguwa nan cikin garin Sakkwato. Yaron da zan ba da labarinshi ya yarda in rubuta, da sharaɗin kar in faɗi sunanshi ko unguwarsu, ita ma yarinyar haka, don haka duk abin da zai sa a gane su na cire shi.

Yaron da gidansu

Shekararshi 18 lokacin da abin ya faru. Aji uku na ƙaramar sakandare ya tsaya saboda babansu ya rasu, shi ne babban namiji wurin innarshi, ƙanne biyar na bayanshi. Wani ɗan kasuwa ya ba shi mashin yana kabu-kabu yana kai balas kullum da dare, hanyarshi daga Tashar Illela zuwa babbar kasuwa, Mabera, Dandima, duk inda fasinja ya ce. Yana sallah, yana zuwa makarantar dare in ya samu sarari, ko sigari ba ya sha. A shagon ƙofar gida yake kwana shi da abokai uku.

Duk abin da ya sani game da jikinshi da na mace, a teburin mai shayi ya ji shi ko a waya. Da na tambaye shi daga baya ya lissafo min abin da suka ɗauka gaskiya ne a shagon nasu: wai ciwon sanyi a bayan gida ake ɗaukarshi, wai in mutum ya haɗiye kafso biyu bayan ya kusanci mace ba abin da zai kama shi, wai mace mai tsafta da ƙamshi ba ta ɗauke da komai. Babu wani babba, ko a gida ko a makaranta, da ya taɓa zama da shi kan wannan magana.

A watan Janairun 2024 ya saba da wata yarinya 'yar shekara 19, bazawara, tana taya gwaggonta sayar da shinkafa da wake kusa da tasha, shi ke ɗaukar mata kuloli zuwa gida in an tashi. Daga nan abin da bai kamata ba ya shiga tsakaninsu. Da azumi ya kama ranar 11 ga Maris sunka rabu, bayan sallah ranar 10 ga Afrilu sunka koma. Kwaroron roba bai taɓa amfani da shi ba, ya ce ko sayenshi ba zai iya ba don mai kemis ɗin unguwarsu abokin kawunshi ne.

Afrilu 2024: farkon ciwo

Kwana biyar bayan sallah ya fara jin zafi in zai yi fitsari, a faɗarshi kamar an zuba barkono, washegari ya ga mugunya a wando. Watan Afrilu ne, rana tana wuce digiri 40, sai ya ce zafi ne da rashin shan ruwa, ya dinga ɗura fiya wata. Wani abokinshi ya ce tsargiya ce tunda suna yara sun sha wanka a Kwalkwalawa. Tsargiya kam akwai ta sosai a yankinmu saboda gulbi, amma ita jini take kawowa a ƙarshen fitsari, ba mugunya ba. Zafin fitsari da mugunya kwana biyu zuwa bakwai bayan saduwa, wannan alamar gonoriya ce, wadda ita ce asalin abin da Bahaushe ke kira ciwon sanyi, kuma sau da yawa tana tafe da wata ƙawarta da ake kira kilamidiya.

18 ga Afrilu zuwa farkon Mayu: kemis biyu

Ya ƙi zuwa kemis ɗin unguwarsu, ya hau mashin ya tafi wata unguwa can nesa inda ba a san shi ba. Ya tarar da shagon cike da mata masu sayen maganin yara, ya tsaya har aka rage sannan ya sunkuyar da kai ya ce sanyi ke damunshi. Ba a tambaye shi komai ba, ko tun yaushe. An ƙulla mishi sifro, wato Cipro, ƙwaya goma, da Ampiclox, da farasitamol, ya biya naira 2,800. Ya sha kwana uku zafin ya lafa, sai ya ajiye, ragowar ma ya ba wani cikin abokan shagon da ya ce shi ma yana jin irin haka.

Kwana goma ba a cika ba ciwo ya dawo. Ya canja kemis, can anka yi mishi allura kwana uku a jere wadda har yau bai san sunanta ba, aka haɗa mishi da kafson nan ja da rawaya, naira 4,500. Wannan karon ko lafawa bai yi sosai ba.

Dalili a nan a fili yake. Ƙwayar gonoriya tana daga cikin ƙwayoyin da sunka fi saurin sabawa da magani. Tun 1976 aka gano irin da penisilin ba ya kashewa, kuma Ampiclox dangin penisilin ne. Kafso ja da rawaya shi ma ta daɗe da fin ƙarfinshi. Sifro kuwa a Amurka tun 2007 hukumar yaƙi da cututtukansu ta daina ba da shawarar a yi maganin gonoriya da shi saboda ya daina ci. Abin da waɗannan magunguna ke yi shi ne su danne ciwon na 'yan kwanaki, mutum ya ɗauka ya warke, ƙwayar tana nan.

Mayu: mai lasifika da jiƙon Inna

Bayan kemis ta gaza sai ya koma wurin masu motar nan da ke tsayawa bakin kasuwa da lasifika suna kiran maganin sanyi kowane iri, na maza da na mata, sabo da tsoho. Ya sayi gora ɗaya ta lita ɗaya da rabi naira 2,000, aka ce rabin kofi safe da dare. Kwana uku yana zawo, da ya koma ya faɗa aka ce ai dattin ne ke fita, ya ƙara gora ta biyu.

A nan innarshi ta lura ya rame kuma ba ya cin tuwo. Ta tambaye shi ya ce basir ne, ita kuma baiwar Allah ta shiga jiƙa mishi sassaƙe tana kai mishi shago da asuba. Ya ce min wannan ya fi komai ci mishi rai, tana tsaye da kwanon sha tana mishi sannu shi kuma ya san ƙarya ya yi mata.

A cikin Mayu kwana tara bai fita aiki ba, mai mashin ya fara maganar zai karɓe abinshi. Zuwa ƙarshen wata mugunyar ta ragu da kanta har ta kusa ɗaukewa, ya yi hamdala ya ce gorar ta yi aiki. Haka ciwon yake, in ya daɗe alamun waje suna raguwa, shi kuma yana bin hanyar maniyyi yana gangarawa zuwa maraina.

24 ga Yuni: ranar da ya zo wurinmu

Mako ɗaya bayan babbar sallah ya shigo da hantsi, wani abokinshi ya kawo shi a mashin. A kati an rubuta zazzaɓi. Zafin jikinshi 38.6, munka yi gwajin maleriya na tsinke bai nuna komai ba. Da a ce layin ya yi tsawo ranar wallahi da maganin maleriya zan rubuta mishi ya tafi, don damina ta fara kowa da ita yake zuwa. Abin da ya tsayar da ni zamanshi ne, a gefen benci ya ɗosana yana ware ƙafa, kuma da zai tashi sai da ya dafa bango yana cije baki.

Ɗakin duba marasa lafiya namu labule ne kawai ya raba shi da inda mata ke jiran awo, duk abin da ka faɗa ana ji. Na ce abokin ya jira waje, na ja yaron zuwa sito inda firjin rigakafi yake, shi kaɗai ke da ƙofa mai sakata. Na rufe na ce, "Ƙanena, nan daga ni sai kai sai Allah. Ba innarka za ta ji ba, ba abokinka ba. Mi ke damunka a ƙasa?"

Ya yi shiru ya fi minti ɗaya yana kallon firjin. Sannan ya ce, "Malam, don Allah ka rufa min asiri," sai hawaye. Ya ba ni labarin tun daga Janairu bai ɓoye komai ba.

Marainanshi na hagu ya kumbura ya kusa ninka na dama, ya yi ja, ko taɓawa ba ya bari. Kwana huɗu kenan a hankali yana ƙaruwa. Duk da labarin ya nuna ciwon sanyi ne ya sauka, ban yarda na riƙe shi ba, saboda akwai wani abu da ke kama da wannan a samari, wato murɗewar maraina, wanda in ba a yi tiyata cikin kamar awa shida ba ana iya rasa shi gaba ɗaya. Na rubuta takarda na kira wani likita da na sani a babban asibiti, ranar aka gan shi. Hoto ya nuna jini na gudana, ba murɗewa ba ce, kumburin jijiyar maniyyi ne. An ɗauki ɗan ruwan gaba an duba a madubin gwaji, aka ga ƙwayar gonoriya. Gwajin ƙanjamau, tunjere da ciwon hanta nau'in B duk ba su nuna komai ba.

Magani: allurar seftiriyazon giram 1 sau ɗaya tak, da dokzisaikilin miligiram 100 safe da yamma na kwana 14 saboda kilamidiya da kuma kumburin, da maganin zafi, da hutu, ba hawa mashin. Na zana mishi layi 28 a bayan katinshi na ce duk ƙwayar da ya sha ya soke ɗaya. Kwana uku zazzaɓi ya sauka, ranar 8 ga Yuli ya dawo da kati duk a soke, kumburin ya saɓe saura ɗan tauri kamar ƙwayar gyaɗa.

Na ce mishi dole ita ma yarinyar a yi mata magani. Ya ce, "Malam, ita lafiyarta lau, kuma da wane baki zan faɗa mata?" Na maimaita sau biyu, ya ce toh. Ban bi sawu ba, na bar shi da toh ɗin nan.

29 ga Yuli: ciwo ya dawo

Mako uku bayan ya gama magani sai ga shi da yamma, wannan karon shi kaɗai, kai tsaye ya nufi ƙofar sito ya tsaya. Zafin fitsari da mugunya sun dawo, kwana biyu. Farkon abin da ya ce shi ne allurar ma ba ta yi ba. Na tambaye shi ko sun sake haɗuwa, ya ce sau ɗaya. Allura ta yi aikinta, sabon kamu ne, don gonoriya ba ta barin kariya a jiki, ka warke yau ka sake ɗauka gobe.

Aka sake mishi allura da dokzisaikilin na kwana 7. Amma yanzu na canja hanya. Na kira unguwarzomarmu, babbar mace ce da duk unguwa ke kira Anti, da izininshi na faɗa mata. Ita ta kawo dabara: ta rubuta 'yar takarda da hannunta, ba sunan ciwo a ciki, "ki zo ki gan ni ranar Laraba bayan la'asar, maganar lafiyarki ce, ni kaɗai za ki gani," ta sa hannu. Aikinshi kawai ya miƙa takardar ya ce shi an yi mishi magani an ce ita ma a duba ta. Mun yi ta maimaita jimlar nan da shi a sito har ta zauna a bakinshi.

31 ga Yuli: ita yarinyar

Ta zo da hijabi har ƙasa da niƙabi, Anti ta shiga da ita ɗakin haihuwa ta kulle. Abin da ya fito, wanda ta yarda a faɗa, shi ne ba lafiyarta lau ba ko kaɗan. An yi mata aure tana 15, aka sake ta tana 17, ba ta haihu ba. Tun tana gidan mijin take fama da ciwon mara da ruwa mai wari yana zuwa yana tafiya, kowa ya ce mata infekshan ne na bayan gida. Ta yi zaman ruwan bagaruwa, ta yi matsi kala-kala na masu kayan mata, har Dettol ta taɓa tsarki da shi, ta sha kafso ba adadi. Ko sau ɗaya ba wanda ya duba ta. Ta ɗauka haka kowace mace take.

Mata da yawa masu gonoriya ko kilamidiya ba sa ganin alama ko kaɗan, waɗanda ke gani kuma sukan ɗauke shi ƙaramin abu, a haka ƙwayar ke hawa mahaifa da bututun ƙwai ta yi tabo. Daga nan ake samun rashin haihuwa, da ciki a wajen mahaifa wanda in ya fashe yana kisa, in kuma an haihu ƙwayar na iya shiga idon jariri har ta makantar da shi.

An fara da gwajin ciki saboda mai ciki ba a ba ta dokzisaikilin, babu ciki. Da Anti ta duba, mara da bakin mahaifa duk suna ciwo, alamar ciwon ya riga ya hau sama. Likita ya rubuta seftiriyazon sau ɗaya, dokzisaikilin da Flagyl na kwana 14. Ƙanjamau da tunjere babu. Gwaggonta an ce mata ciwon mara ne ake magani, kuma ba ƙarya aka yi ba. Anti ta karɓi lambarta, tana kiranta duk bayan kwana uku, don Flagyl na sa ɗacin baki da tashin zuciya, a rana ta biyar ta so ajiyewa sai da aka lallashe ta. Wa ya sa ma wa, ba mu tambaya ba, su ma mun roƙe su kar su tsaya nan.

An gaya musu su biyun, kowa daban, ba kusantar juna har kowa ya gama magani. Anti ta yi mata nasiha irin ta uwa, ni ma na yi mishi tawa, na ce abin da kuke yi haramun ne ka sani na sani, mafita ka bari ko ka nemi aurenta, in kuma shaiɗan ya rinjaye ka to ga abin da kwaroron roba ke karewa ga yadda ake amfani da shi.

Oktoba 2024: inda aka tsaya

An maimaita gwajin ƙanjamau bayan wata uku saboda sabon kamu ba ya nunawa nan take, dukansu babu. Shi ba zafi ba mugunya, ɗan taurin hagu yana nan amma ba ya ciwo, likita ya ce na dama lafiya lau yake kuma guda ɗaya ya isa haihuwa. Mashin bai kuɓuce mishi ba. Ita ciwon mara ya ɗauke karon farko cikin kusan shekara uku, ko bututun ya toshe sai ta yi aure an ga abin da Allah zai yi, Anti ta ce mata in shekara ta zagayo ba ciki kar ta tsaya jiƙe-jiƙe ta zo da wuri. Sun rabu, a faɗarshi ba faɗa.

Lissafin kuɗi da munka yi da shi: kemis biyu da gora biyu naira 11,300, ban da kwanakin da bai yi aiki ba da sunka haura ashirin. Allurar da ta kashe ciwon da ƙwayoyin kwana 7 kuɗinsu bai kai rabin haka ba, hoto da gwaje-gwaje ne sunka ci kuɗi, su kuma da ya zo a Afrilu ba a buƙatar hoton.

Abin da na gani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 82 sunka kamu da gonoriya a 2020, in an haɗa da kilamidiya, tunjere da wani ciwon saduwa da ake kira tirikomonas adadin ya kai miliyan 374. Ciwo ne na ko'ina, kuma maganinshi sananne ne. Abin da ya ja na yaron nan kusan wata huɗu kunya ce da rashin wurin da zai yi magana ba a ji ba. Ya wuce asibitinmu sau nawa a mashin yana tafiya wata unguwa neman kemis, saboda ya san a wurinmu labule ne, kuma matan unguwarsu ne a bayan labulen.

Kemis ta gaza don an ba da magani ba tambaya, kuma maganin da ƙwayar ta riga ta fi ƙarfi. Gora ta gaza don ba ta da abin da ke kashe ƙwayar, zawon da ta sa shi ma ƙara mishi rauni ya yi. Maganinmu na farko daidai yake amma rabi ne, kuma wannan laifina ne, na san ba a maganin mutum ɗaya a ciwon mutum biyu, na ɗora wa yaro ɗan 18 nauyin maganar da manya ma ke kasa yi na sallame shi. Takardar Anti ce ta gyara, saboda ta ɗauke mishi faɗin sunan ciwon, ta kuma ba yarinyar mace 'yar'uwarta da ƙofa a kulle.

Yarinyar ce ma ta fi tsaya min a rai. Shi ciwonshi ya yi ihu har ya kawo shi, ita nata shiru ya yi yana cinta tun tana gidan aure, kuma kalmar nan ta infekshan ɗin bayan gida ita ta rufe komai, don tana ba kowa damar sayen magani ba tare da an tambayi miji ko saurayi ba. Na san akwai masu ganin yin wannan bayani ga samari buɗe musu ido ne. Yaron nan idonshi a buɗe yake tun kafin ya zo, teburin mai shayi da waya sun riga mu, abin da sunka koya mishi ne ba daidai ba.

Yanzu duk saurayi ko budurwar da ta zo ita kaɗai, a sito muke ganinsu, mun sa kujera biyu kusa da firjin. A watan Nuwamba yaron ya kawo biyu daga abokan shagonsu, ɗaya an samu yana da shi an yi mishi magani. Na ukun, wanda ya shanye ragowar sifron nan tun Afrilu, har yanzu ya ƙi zuwa, na ba da saƙo sau biyu a ce mishi Laraba bayan la'asar ina nan.